Idan Google Ko Masu Talla Suka Canza Doka, Ina Makomar Mai Kasuwanci A Intanet?

Tambayar da ke yawan dawowa a bakin masu neman kuɗi a intanet ita ce, ya aka yi mutum zai kwanta shafinsa na kawo masa baƙi dubbai a rana, ya wayi gari ya ga ko kwatansu babu, alhali bai taɓa komai ba? Ko kuma ya buɗe akawun ɗinsa na talla da safe ya tarar da jan layi a sama wai an dakatar da shi, kuɗin da ya zuba na ciki, kayan da ya saro saboda tallan suna jibge. Nan take sai zargi ya tashi, wani ya ce maƙiya ne suka yi masa rifot, wani ya ce kutse aka yi masa, wani kuma ya ce ai dama kamfanonin nan ba sa ƙaunar ƙaramin ɗan kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu daga cikin zarge-zargen, amma mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne mai gidan da kake haya ya canza tsarin gidansa, kuma ba dolensa ba ne ya nemi shawararka. To ta yaya mutum zai kare abin da ya shekara yana ginawa?

Abubuwan da ake cakuɗawa wuri ɗaya

Kafin a je ga magani sai an san cutar, kuma a nan ne mutane da yawa ke fara ɓata, domin komai ya same su sai su ce an yi banin ɗinsu, wato an dakatar da su.

Na farko shi ne afdet ɗin algoridim. Algoridim dai tsarin lissafi ne da injin bincike ke amfani da shi ya yanke wane shafi zai fito a sama, wane zai koma can ƙasa inda ba mai zuwa. Google na yin dubban ƙananan gyare-gyare a shekara ba wanda ke ji, amma sau kaɗan a shekara yakan yi babban afdet wanda ya taɓa tushen tsarin, shi ne wanda yake sanarwa. Wannan ba hukunci ba ne a kanka kai kaɗai, an sake awo ne da sabon ma'auni, wasu suka yi nauyi wasu suka yi shafal. Ba wata wasiƙa da za a aiko maka, ba kuma inda za ka ɗaukaka ƙara.

Na biyu hukuncin hannu ne, wato ma'aikaci ɗan adam ya duba shafinka ya ga ka karya doka, misali ka sayi link, wato ka biya wasu shafuka su sa mahaɗin da ke kaiwa naka, ko kana nuna wa injin abu daban kana nuna wa mutane daban. Shi wannan za ka gan shi a rubuce a cikin Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke tafiya a bincike, kuma in ka gyara kana iya roƙon a sake dubawa. Ko manyan kamfanoni ya taɓa faɗa musu, a 2006 an cire shafin BMW na Jamus daga Google na ɗan lokaci, a 2011 kuma aka tura shagon J.C. Penney na Amurka ƙasa saboda link ɗin da aka sayo masa.

Sai dokar talla, ita kuma fuska biyu gare ta. Akwai mai biyan kuɗi a tallata masa kaya a Google Ads ko Facebook, akwai kuma mai shafi ko tashar bidiyo da ake ɗora talla a kan abin da ya wallafa a ba shi kasonsa, irin masu AdSense da YouTube. Dokar da ke kan kowannensu daban, hanyar kukansa ma daban. Wanda bai rarrabe waɗannan ba sai ya yi wata guda yana aika saƙon neman afuwa a kan laifin da ba a ma tuhume shi da shi ba.

Abin ba yau ya fara ba

A Fabrairun 2011 Google ya fito da afdet ɗin da aka sani da Panda, ya ce ya shafi kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. Waɗanda aka nufa su ne masu tara dubban rubuce-rubuce marasa nauyi, kowanne an rubuta shi ne don ya kama wata kalma da mutane ke nema, ba don ya amfani mai karatu ba. A Afrilun 2012 sai Penguin ya biyo baya, shi kuma masu sayen link ya nufa. Abin da ya fi ba ni tausayi a tarihin Penguin shi ne jira, domin a wancan lokacin ko ka wanke shafinka tas sai an sake kunna tsarin kafin ka farfaɗo, kuma daga Oktoban 2014 ba a sake kunna shi ba sai Satumban 2016. Kusan shekara biyu kenan, wane ƙaramin kasuwanci ne zai iya riƙe numfashinsa haka?

A Afrilun 2015 aka fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya. A Agustan 2018 wani babban afdet ya girgiza shafukan lafiya da na shawarar kuɗi, tun daga nan duk mai rubutu a kan magani ko jari ya san ana yi masa awo mai tsanani fiye da na kowa, ana duba waye shi da kuma ko ya san abin da yake faɗa.

Wanda har yanzu raɗaɗinsa bai bar mutane ba shi ne na 2022 zuwa 2024. A Agustan 2022 Google ya kawo tsarin da ya ce zai fifita rubutu mai amfani wanda aka yi don mutane, a Satumban 2023 ya ƙara masa ƙarfi, nan fa ƙananan shafuka masu zaman kansu da yawa suka zube, ciki har da waɗanda masu su ke sayen kaya da kuɗinsu su gwada da hannunsu kafin su yi rubutu. HouseFresh, wani ƙaramin shafi mai gwada injinan tace iska, ya fito fili ya ce ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na baƙin da Google ke kawo masa, yayin da manyan mujallu da ba su da alaƙa da harkar ke saman sakamako. Sannan babban afdet na Maris 2024 ya zo, ya fara ranar 5 ga Maris bai kammala ba sai 19 ga Afrilu, kwana 45 cur ana hawa ana sauka. Tare da shi aka sanar da sabbin dokoki uku: haramta zuba rubutu buhu-buhu don a yaudari injin, ko mutum ya rubuta ko AI, da haramta sayen tsohon domen, wato adireshin shafi a intanet, da ya mutu don a ci albarkacin sunansa, da kuma haramta wa babban shafi ba da hayar wani lungu nasa ga wasu su zuba talla su ci gajiyar martabarsa.

Ɓangaren talla ya fi saurin kisa

Shi bincike a hankali yake shan jinin mutum, amma talla rana ɗaya take yanke shi. A farkon 2017 manyan kamfanoni suka janye tallansu daga YouTube bayan an gano ana ɗora su a kan bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi, sai YouTube ya tsaurara, a Janairun 2018 ya sanar cewa ba mai samun kuɗin talla sai yana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kafin nan kallo 10,000 kawai ake nema. Ƙananan tashoshin da ba su ji ba ba su gani ba, su aka cire.

A wannan watan dai na Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai riƙa fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na fejin kamfanoni da kafafen labarai. Wani kamfani mai suna LittleThings da ya gina kansa kacokan a kan Facebook ya ce ya rasa kashi 75 cikin 100 na mutanen da ke zuwar masa kyauta, kafin ƙarshen Fabrairu ya rufe.

Masu samun kamasho ma ba su tsira ba. A Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, Amazon ya zabge kamashon da yake ba masu turo masa kwastoma, kayan ɗaki daga kashi 8 ya koma 3, kayan masarufi daga 5 ya koma 1, kuma sanarwar kusan mako guda kawai ya bayar. Baƙinka na nan, aikinka na nan, amma kuɗin shigarka ya ragu da fiye da rabi.

Wani lokacin ma faɗan manya ne ke faɗo maka. A Afrilun 2021 Apple ya sa dole kowace manhaja a iPhone ta nemi izini kafin ta bibiyi mutum, akasari suka ce a'a, sai tallan Facebook ya rage iya gane wa zai nuna wa me. Kamfanin Meta, mai Facebook, da bakinsa ya ce abin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Idan wanda ya mallaki dandalin ya ji a jikinsa haka, ka ƙiyasta mai ƙaramin shago da kwatsam kuɗin da yake kashewa kafin ya samu kwastoma ɗaya ya haura. Haka batun kukis, waɗannan 'yan alamomin da ake bin mutum da su daga shafi zuwa shafi, a Janairun 2020 Google ya ce zai kashe su a burauzarsa ta Chrome cikin shekara biyu, aka yi ta ɗagawa, mutane suka kashe kuɗi da lokaci suna shiri, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Ko wanda ya bi sanarwa sau da ƙafa bai tsira daga asara ba kenan.

Sannan akwai sana'o'in da ake rufe wa ƙofa baki ɗaya, kamar yadda Google ya hana tallan bashin gaggawa mai tsananin ruwa a 2016, da yadda Facebook da Google suka hana tallan kirifto a 2018 kafin daga baya su sassauta da sharuɗɗa. A rahotonsa na 2024 Google ya ce ya dakatar da akawun ɗin masu talla miliyan 39.2, alhali a 2023 miliyan 12.7 ne. Da yawansu 'yan damfara ne ba shakka, amma aikin da ya kai wannan yawa na'ura ce ke yin mafi yawansa, kuma na'ura na haɗawa da mai gaskiya.

Su me suke cewa, masu kuka me suke cewa

Adalci shi ne a ji ta bakin kowa. Hujjar kamfanonin ita ce idan sakamakon bincike ya cika da shara mutane za su gudu, idan talla ta cika da damfara ba mai ƙara dannawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin Alphabet, uwar kamfanin Google, daga talla yake fitowa, na Meta kuwa kusan duka. Suna kuma cewa ba za su iya bayyana sirrin ma'auninsu ba, don ranar da suka faɗa ranar 'yan dabara za su fara wasa da shi. Ga kuma matsin gwamnatoci, tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018 dokokin talla ke ta ƙara tsauri. Ni dai na yarda da kaso mai yawa na wannan, duk wanda ya taɓa neman bayani a kan wata cuta ya faɗa shafin da ke sayar da maganin ƙarya ya san tsaftacewar na da amfani.

Amma masu kuka su ma suna da hujja mai ƙarfi, wadda kotuna suka fara gaskatawa. Google na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na binciken duniya, shi ne alƙali, shi ne mai kasuwar, kuma yana da nasa kayan a cikin kasuwar. Wani ƙaramin shafin kwatanta farashi na Birtaniya mai suna Foundem ya ga an nutsar da shi tun 2006, ya kai ƙara Turai, sai a 2017 aka ci tarar Google yuro biliyan 2.42 saboda fifita nasa shafin sayayya, kuma sai a Satumban 2024 kotun ƙoli ta Turai ta tabbatar da hukuncin. A Amurka ma, a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba, a shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne injin da ke zuwa a saite a wayoyi da burauza. A Afrilun 2025 wata alƙaliya, Leonie Brinkema, ta yanke makamancin haka a kan fasahar tallarsa.

Abin lura ga ɗan kasuwa a nan shi ne tsawon lokacin. Shekara 18 tsakanin ranar da aka nutsar da Foundem da ranar hukuncin ƙarshe. Gaskiyarka na iya fitowa, amma ba za ta biya ma'aikatanka a ƙarshen wata ba.

Sabon baƙon da ya shigo: amsar AI

A Mayun 2024 Google ya fara nuna AI Overviews a Amurka, daga baya ya bazu ƙasashe sama da 100. Mutum ya yi tambaya, amsa ta fito a sama an tattaro ta daga shafukan mutane, ya karanta ya tafi abinsa. Cibiyar bincike ta Pew ta bibiyi yadda wasu Amurkawa suka yi bincike a Maris 2025, ta ga inda amsar AI ta fito kashi 8 cikin 100 ne kawai ake danna wani link, inda ba ta fito ba kuwa kashi 15. Google ya musanta ingancin binciken, amma kamfanoni irin su Chegg mai taimaka wa ɗalibai da Penske Media mai buga mujallu sun riga sun maka shi kotu a 2025 a kan wannan batu.

Wannan ya bambanta da duk na baya, don kana iya zama na ɗaya a sakamako amma baƙi su ragu. A Search Console za ka ga layin da ke nuna sau nawa aka ga shafinka yana nan ko ma yana hawa, layin dannawa kuma yana gangarawa, tazarar da ke tsakaninsu kullum ƙara buɗewa take. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai rubutun da amsarsa ba ta wuce layi uku ba, irin ma'anar kaza, ko yadda ake kaza. Wanda ke sayar da kaya na gaske ko aikin hannunsa, ko yake da abin da sai a wurinsa ake samu, da sauƙi a kansa.

Me ka mallaka da gaske?

A nan nake so a tsaya a yi tunani sosai, don duk kariyar a nan take. Mabiyanka dubu ɗari a Instagram ba naka ba ne, matsayinka na ɗaya a Google ba naka ba ne, tashar YouTube ɗinka ma aro ce, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida, masu kasuwanci da yawa suka gane ba su da ko hanya ɗaya ta gaya wa kwastomominsu suna nan. Wannan awa shida ce kawai. A Indiya kuwa, da gwamnati ta haramta TikTok a Yunin 2020, har yau bai dawo ba, waɗanda duk arzikinsu ke ciki sai da suka faro daga tushe a wani wurin.

Abin da za ka iya kira naka kaɗan ne. Akwai domen ɗinka, shi ma da sharaɗin da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistarsa, domin sau da yawa wanda ya gina wa mutum shafi shi ke rajista da nasa sunan, ranar da aka saɓa sai a gane waye mai gida. Ka duba wannan yau, ka kuma tabbatar yana sabunta kansa kafin ya ƙare. Akwai kwafin shafinka da hotunanka da bidiyoyinka, a ajiye a wani wuri da ba kamfanin da ke riƙe maka shafin ba.

Sai babba a cikinsu, wato hanyar da za ka kai ga kwastomanka kai tsaye ba tare da ka bi ta ƙofar wani ba, imel ɗinsa ko lambar wayarsa, wadda ya ba ka da yardarsa. Ka lura, gurup na WhatsApp ko tashar Telegram su ma gidan haya ne, lambobin da ka rubuta ka adana su ne naka. Mutum 500 da suka taɓa saye a wurinka kuma kana iya aika musu saƙo, wallahi sun fi maka mabiya dubu hamsin da sai algoridim ya ga dama zai nuna musu kai. Duk wanda ya shigo ta Google ko ta talla, ka ɗauka baƙo ne da aka ara maka sau ɗaya, aikinka shi ne ka ba shi dalilin da zai bar maka adireshinsa kafin ya fita, ko rangwame ne, ko wani bayani mai amfani, ko sanar da shi in sabon kaya ya zo.

Shi ma imel ɗin fa da dokarsa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙo da yawa, a ma'aunin Gmail 5,000 a rana, su tantance domen ɗinsu, su sa maɓallin fita mai dannawa ɗaya, kuma kada masu kai ƙarar saƙonsu su kai kashi 0.3 cikin 100. Bambancin shi ne in kamfanin da kake aika saƙo da shi ya canza maka fuska, kana iya sauke jerin sunayenka ka koma wani. Mabiyan Facebook kuwa ba a ɗaukarsu a tafi da su. Kuma don Allah kar ka sayi jerin imel ko lambobin mutane, a ƙasashe da dama laifi ne, sannan shi ne hanya mafi sauri ta ƙona sunan domen ɗinka.

Na ƙarshe shi ne suna. Mutumin da ya rubuta sunan kasuwancinka a akwatin bincike ba afdet ɗin da zai raba ka da shi, don kai ya zo nema. Wannan ba ya samuwa da dabara, sai da kaya mai kyau da cika alkawari da amsa saƙo a kan lokaci, kuma yana ɗaukar shekaru, shi ya sa masu sayar da kwas na samun kuɗi cikin wata ɗaya ba sa maganarsa. Gaskiya waɗannan mutanen suna ba ni haushi, su koya wa matashi ya buɗe shafi ya cika shi da rubutun AI ɗari biyar ya jira AdSense, alhali sun san abin da dokar Maris 2024 ta zo kashewa kenan.

Raba ƙafa, amma da hankali

Kowa na cewa a raba ƙafa, sai dai wasu sun fahimce shi a matsayin buɗe akawun a dandali bakwai, ƙarshe ba wanda suke kula da shi. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki kuɗin shigarka na wata uku ka bi diddigi, nawa ya zo ta bincike, nawa ta tallan da ka biya, nawa daga tsofaffin kwastomomi. In ka ga hanya ɗaya ta haura rabi da nisa, to ka san a nan wuyanka yake, sai ka zaɓi hanya ɗaya tak ta biyu ka fara gina ta tun ta farkon na da lafiya, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma lura da wanda ya mallaki me, Facebook da Instagram da WhatsApp gida ɗaya ne, Google da YouTube da AdSense gida ɗaya ne, wanda ya raba ƙafa tsakanin ɗakuna biyu na gida ɗaya bai fita daga hannun mai gidan ba.

Mai shafin da talla kaɗai ke ciyar da shi ya fi kowa zama a bakin rami, don bugu biyu ke jiransa, baƙi su ragu ko farashin talla ya faɗi. Ko ƙaramin abu ne ya samu nasa na sayarwa, ko ya ƙulla da mai talla kai tsaye ba ɗan tsakiya. Kuma lokacin da kasuwa ke ci, a ware abin da zai riƙe aiki na wasu watanni, kar a ɗauki ma'aikata da haya a kan lissafin wata mafi kyau.

Ta fuskar akawun ɗin talla kuwa, yawancin rufewar da ake iya kauce wa daga ƙananan abubuwa take zuwa. Sunan da ke kan katin biya ya saɓa da na akawun, shafin da tallan ke kaiwa babu adireshi ko hanyar tuntuɓa ko bayanin mayar da kaya, alkawarin da ya wuce hankali irin rage ƙiba cikin kwana bakwai, ko an yi wa shafin kutse an dasa wani abu mai shi bai sani ba. Mai AdSense kuma kar ya danna tallansa, kar ya ce 'yan uwa su danna masa don taimako, kar ya sayi baƙi masu arha, domin in aka kama ba rufewa kawai ba, har kuɗin da ya tara ana iya riƙewa a mayar wa masu talla. Saƙonnin canjin doka da ke shigowa imel waɗanda kowa ke sharewa, a riƙa karanta su, sau da yawa ana ba da sanarwa makonni kafin doka ta fara aiki.

Idan ta riga ta faru

Abu na farko kar ka taɓa komai a ranar. Na san da wuya, mutum na kallon layi na gangarawa hannunsa na ƙaiƙayi ya goge wannan ya canza wancan, amma wanda ya canza abu goma a dare ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya taimaka wanne ya ƙara ɓatawa ba. Fara da gidanka, shafin na buɗewa kuwa, ba wanda ya yi gyara jiya ya bar alamar da ke hana injin shiga, ba lokacin shekara ba ne da dama kasuwar kan ja baya? Search Console na ajiye bayanan wata 16, ka kwatanta da bara war haka. Sannan ka duba ɓangaren hukuncin hannu da na tsaro. In duk babu komai, ka duba shafin da Google ke sanar da afdet ka ga ko ranar faɗuwarka ta dace da wani. Shi kansa Google shawarar da ya bayar ita ce a jira aƙalla mako guda bayan afdet ya kammala kafin a fara nazari, kuma goge rubutu ya zama matakin ƙarshe. Daga nan sai ka bi shafi-shafi ka ga waɗanne suka faɗi, su waye suka hau wurinka, me suke da shi wanda ba ka da shi.

In kuma akawun ɗin talla ne aka rufe, babban kuskuren da ake yi shi ne a ruga a buɗe sabo da wani imel ko da sunan wani. A dokar Google Ads wannan zagaye tsari ne, yana cikin manyan laifukan da ake rufewa nan take ba gargaɗi, kuma suna haɗa akawun da akawun ta katin biya da domen da sauran bayanai, sai laifin da da ana iya gyarawa ya zama na dindindin. Ka karanta ainihin dokar da aka ce ka karya, ka gyara a tallan da kuma shafin da yake kaiwa, ka haɗa takardun rajistar kasuwancinka da shaidarka, sannan ka ɗaukaka ƙara sau ɗaya da bayani a natse, me ya faru, me ka gyara. Ka yi hattara da masu zuwa inbos suna cewa suna da ɗan uwa a cikin kamfanin zai buɗe maka in ka biya, waɗannan kuɗinka da fasuwod ɗinka suke so.

Game da tsawon jira kuwa, gara a faɗa maka gaskiya tun yanzu. Hukuncin hannu da rufe akawun ana iya warware su cikin kwanaki ko makonni in an yi sa'a, amma faɗuwar algoridim Google da kansa ya ce tana iya ɗaukar watanni, wani lokacin sai wani babban afdet ya zo, kuma bai yi alkawarin za a dawo ba. Shafukan da suka faɗi a Satumban 2023, sai a afdet na Agustan 2024 wasunsu suka ga ɗan motsi, shi ma kaɗan ne daga abin da suka rasa, wasu kuwa kafin lokacin sun riga sun sallami ma'aikata sun rufe.